Injin V6 mai lita 2.5 na Lexus IS250: zai jure irin zirga-zirgata a Kano?

Ɗan Kabuga:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema daga waɗanda suka san injin nan da hannunsu, kanikawa ko waɗanda suka hau motar suka daɗe da ita.

Shekara bakwai ke nan ina hawan Corolla 'yar 2005 mai lita 1.8. Ba ta taɓa kwana da ni a hanya ba, amma jiki ya gaji, ƙafafunta kullum suna gareji, kuma na ɗan tara abin da zan canza. Ranar Talata wani dillali ya nuna min Lexus IS250 'yar 2008, baƙa, otomatik, wadda tayoyin baya ke ja. Daga Amurka aka shigo da ita, wani ya hau ta shekara uku a Abuja. Mita tana nuna mil 142,000. Da la'asar na ja ta daga Titin Zoo zuwa Na'ibawa na dawo, kuma gaskiya ta shiga raina. A danja na tsaya, na ɗora tafin hannuna kan sitiyari ban ji ko ɗan tsuma ba, har sai da na leƙa allura don in tabbatar injin bai mutu ba. Wanda ya saba da silinda huɗu zai gane abin da nake nufi.

Abin da na iya tattarawa game da injin shi ne sunansa 4GR-FSE, silinda shida ne a jere biyu kamar harafin V, girmansa cc 2,499, ƙarfinsa kuma na doki 204. Lissafin da na yi a raina mai sauƙi ne. Camry Masul mai silinda huɗu lita 2.4 ce, wannan lita 2.5, tazarar ba ta taka kara ta karya ba, don haka shan mai zai zo kusan ɗaya, ni kuma na samu laushin silinda shida a kyauta. Dillalin ma haka ya ce, har da rantsuwa.

Da na je wa bakanikena da maganar sai ya girgiza kai, ya ce, "Malam, kada ka taɓa ta, dayarek injekshin ce, kabon take tarawa." Na ce ya yi min bayani, bai ƙara komai a kan haka ba. Mutumin kirki ne, shekara bakwai bai taɓa cuta ta ba, amma na lura Corolla da Civic ne suka fi yawa a garejinsa.

Ga yadda nake amfani da mota, don mai ba ni shawara ya san da wa yake magana. A Kabuga nake zaune. Da safe in sauke yara uku a makaranta wajen Gadon Ƙaya, in wuce ofis kusa da Gidan Murtala. Duka tafiyar ba ta fi kilomita 6 ba, rabinta kuma a cunkoso. Da yamma in dawo ta hanyar. Doguwar tafiya sai in zan je Malumfashi gaida mahaifiyata, kuma a 'yan shekarun nan hakan bai wuce sau huɗu ko biyar a shekara ba. Albashi nake ci, ba ni da wata sana'a a gefe, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowace lita sai na yi lissafinta.

Mene ne wannan kabon ɗin, kuma da gaske yana kashe inji? Lissafina na shan mai daidai ne? Ban da kabon, me ya kamata in duba kafin in ba da kuɗi? Dillalin ya ba ni zuwa Asabar. Allah ya saka da alheri.

Direban Kwatano:

Wa'alaikumus salam. Malam, ni shekara goma sha ɗaya na yi ina ɗauko motoci daga Kwatano, kuma shawarata gajeriya ce: mai albashi da yara uku, Camry ko wata Corolla ya kamata ya nema. Lissafinka na mai ba zai fita ba. Girman inji ba shi kaɗai ke shan mai ba, motar nan ta fi Camry mai silinda huɗu nauyi duk da ta fi ta ƙanƙanta a ido, ga fistin shida da kamshaf huɗu da ake juyawa ko kana tsaye a danja.

Amma batun kabon kada ya tsorata ka. Duk wata biyu ka sayi maganin wanke nozil ka juye a tanki, ka hau titin Zariya ka taka ta sosai, shi ke nan. Ka kuma riƙa zuba mata baƙin mai mai kauri saboda zafin garinmu.

Bakaniken Panteka:

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Ƙanena Ɗan Kabuga, ka yi tambaya yadda ya kamata, tunda ka faɗi irin tafiyar da kake yi. Amsar tana can.

Alhaji Direban Kwatano, a kan shan mai na yarda da kai ɗari bisa ɗari. A kan magani a tanki da mai mai kauri kuwa, ka yi haƙuri, zan saɓa maka, kuma zan faɗi dalili.

Bari in fara da injin kansa. Gangar jikinsa da kawunansa duk alminiyon ne. Bawul 24 gare shi, huɗu a kowace silinda. Faɗin silinda milimita 83, tafiyar fistin milimita 77, wato inji ne mai son a ɗaga shi sama: dokin nan 204 da ka karanta sai a zagaye 6,400 a minti yake bayar da su, ƙarfin jansa kuma, kimanin Nm 250, sai wajen 4,800. Shi ya sa a ƙasa za ka ji ta da laushi amma ba ta da fizga. Sarƙa ce ke riƙe masa taimin, ba bel ba, don haka babu zancen canza taimin bel. Yana da VVT-i, wato tsarin da ke sauya lokacin buɗewar bawul, a kamshaf na shiga da na fita. Ba IS250 kaɗai ke ɗauke da shi ba, Toyota ta sa shi a Mark X da Crown, da kuma GS250. A IS250 ya yi aiki daga samfurin 2006 har zuwa na 2015. Ƙasan injin nan ƙaƙƙarfa ne, wannan ba na shakka a kai.

Yanzu kabon. A Corollarka, nozil yana zaune ne a bayan bawul ɗin shigar iska. Duk feshin da zai yi, fetur sai ya bi ta kan bawul kafin ya shiga silinda, kuma ka san fetur sabulu ne, da shi muke wanke hannu a gareji. Kenan bawul ɗinka yana shan wanka ɗaruruwan sau a kowane minti ba tare da ka sani ba. A 4GR-FSE an ɗauke nozil daga can, an soka shi kai tsaye cikin ɗakin ƙonewa. Amfanin haka shi ne fetur yana sanyaya cikin silinda, sai aka samu damar ɗaga matsi har 12 bisa 1, ƙaramin inji ya ba da ƙarfi mai yawa. Amma bawul ya rasa mai yi masa wanka. Ga shi kuma kowane inji yana mayar da tururin baƙin mai daga ƙasa zuwa manifol ta bawul ɗin PCV don a ƙone shi. Tururin nan yana sauka a bayan bawul mai zafi, ya soye, wani ya zo ya hau kansa. Ranar da ka cire manifol ka haska tocila, abin da za ka gani kamar ƙanzo ne a gindin tukunyar tuwo, baƙi, wani wuri busasshe wani wuri da danƙo. Na sha kankaro abin da zai cika murfin kwalba daga rami ɗaya.

To ka ga, Alhaji, maganin da aka zuba a tanki hanyar fetur yake bi, fetur kuwa ba ya bi ta bayan bawul. Zai iya taimakon bakin nozil da kan fistin, amma ƙanzon can ko gaisawa ba za su yi ba. Dubi yayarta IS350: injinta 2GR-FSE nozil biyu gare shi a kowace silinda, ɗaya a ciki ɗaya a bayan bawul, shi ya sa ba a cika jin wannan kukan a kanta ba.

Alamominsa sanannu ne. Da safe inji ya tashi yana misin na ɗan lokaci. Ko ka sha gudu a babban titi, ka zo ka tsaya, sai silo ya faɗi ƙasa, mota ta yi ta karkarwa kamar za ta mutu, sannan ta farfaɗo. Wutar cek ta kama, a sa kwamfuta a ga P0300, ko P0301 zuwa P0306, lambar ƙarshe tana nuna silindar da abin ya shafa. A nan ne mutane ke asarar kuɗi, a canza fulogi, a canza koyil, a canza nozil, ciwo yana nan. Abin ba ɓoyayye ba ne, kamfanin da kansa ya fitar wa garejinsa na Amurka takardar bayani a kan motocin 2006 zuwa 2010, ya tsawaita garanti, wasu har an canza musu fistin da ringi zuwa sabon samfuri. Domin kabon ɗin ba a bawul kaɗai yake tsayawa ba, yana kama ringin fistin ya daskarar da shi, daga nan inji ya fara shan baƙin mai. Wannan shi ne mai tsadar. Wanke bawul aikin yini ɗaya ne. Ringi kuwa sai an sauke inji.

Yadda ake wankewa: a cire manifol, a juya inji da hannu har bawul ɗin silindar da za a yi wa aiki su rufe ruf, a jiƙa da magani, a kankare da buroshi, a zuƙe dattin, a koma ta gaba. A waje suna fesa garin ɓawon wani ɗan itace mai tauri da iska mai ƙarfi, ya fi sauri da tsabta. Wanda ya kankare alhali bawul yana buɗe ya tura ƙanzon cikin silinda ke nan, don haka ba aikin da za ka bar wa yaron gareji ba ne.

Batun mai mai kauri. Giyar VVT-i da matsin baƙin mai take aiki, ta cikin ramuka ƙanana da rariya siririya. 'Yar 2008 mai 5W-30 aka rubuta mata, ka duba murfin wurin zuba mai za ka gani. In ka ɗura mata 20W-50, da safe man zai yi jinkirin hawa sama, sarƙa da giyar taimin su yi ta aiki a bushe na 'yan daƙiƙu kullum. Dama injin an san shi da wata ƙara, "karrr", ta daƙiƙa ɗaya ko biyu in an tayar da shi a sanyi, daga giyar VVT-i take fitowa, mai mai kauri kuwa ƙara mata yake yi. Sannan ka sani yana cin lita 6.3 in an haɗa da filta. Galan mai lita 5 ba ya isa. Motoci nawa aka kawo min da aka yi musu juye da galan ɗaya aka sallami mai su.

Yanzu ka dubi tafiyarka. Kilomita 6 a cunkoso, safe da yamma. Ruwan lagireto zai yi zafi, amma baƙin mai bai gama zafin da zai kori fetur da danshin da ke cikinsa ba ka kashe mota. Wannan ita ce rayuwar da injin nan ya fi ƙi. Ban ce ba zai yi ba. Na ce in ka saye shi, juyenka kada ya wuce kilomita 5,000 ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa, da mai na gaskiya, kuma ka sa a ranka wankin bawul yana cikin hidimar motar kamar canza birki.

Ɗan Kabuga:

Oga, Allah ya ƙara basira, ya jiƙan mahaifa. Yau na gane abin da bakanikena ya kasa fassara min. Misalin ƙanzon nan ya zauna min.

Abu biyu suka rage min. Na ga an ce motar fetur mai daraja ta sama take so, mu kuwa iri ɗaya ake sayar mana a kowane gidan mai. Hakan zai cutar da ita? Na biyu, ranar Asabar in na je, me zan duba da idona, ni da ba bakanike ba? Akwai wani rewaya a unguwarmu mai kwamfutar duba mota, zan iya tafiya da shi.

Alhaji Direban Kwatano, na gode, maganar nauyin motar ban taɓa kawo ta a lissafi ba.

Bakaniken Panteka:

Amin, ƙanena. Gaskiya ne, littafinta na Amurka fetur mai lamba 91 ya nema a ma'auninsu, wanda ya kai wajen 95 a ma'aunin da ake amfani da shi a Turai da nan. Inji mai matsin 12 bisa 1 yana saurin ƙwanƙwasa in man bai kai ba. Akwai sensa da ke sauraron ƙwanƙwasar, birenbos ya ja wuta baya don ya kare fistin. Ba za ta fashe ba, amma za ka rasa ɗan ƙarfi, ta ƙara shan mai, musamman a watan Afrilu da zafin Kano ke haura 40 ga AC a kunne. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne datti da ruwa. Famfon mai biyu gare ta, ɗaya a tanki, ɗaya a kan inji wanda kamshaf ke bugawa yana ninka matsin sau da yawa. Shi da nozil ba sa yafe gurɓataccen mai. Ka tsayar da gidan mai ɗaya ko biyu da ka yarda da su, ka manta da galan ɗin bakin titi.

Ranar Asabar ka je da sassafe, ka gaya wa dillali tun daren Juma'a kada kowa ya tayar da ita. Da ka isa ka buɗe bonet ka taɓa injin. In da ɗumi, an riga ka, ka ce za ka dawo gobe. Motar maɓalli gare ta, to ka danna sau biyu ba tare da ka taka birki ba, ka ga wutar cek ta kama tare da sauran. In ba ta kama ba an kashe ta ne don a ɓoye wani abu. Sannan ka tayar, ka saurara. Wani ɗan "tik-tik-tik" da ba ya tsayawa na nozil da famfon sama ne, lafiyarsa ke nan, kada ya dame ka. Karkarwa da misin su ne abin lura.

Ka buɗe murfin baƙin mai ka leƙa. Ka duba robar ruwa: ruwan hoda ya kamata ka gani. Ka haska gaban injin wajen wata-famfo, in ka ga busasshen abu mai launin hoda kamar gishiri ya fara yoyo, kuma wannan yana cikin abubuwan da suka fi lalacewa a injin. Ka lura ko fanka tana tashi da gudu tun daga kunna mota, alamar an haɗa ta dayarek ke nan, kuma galibi wanda ya yi haka ya cire tamostat. Rewayanka ya duba ba lambobin matsala kaɗai ba, har da ko an goge su kwanan nan. A leƙa ƙasa a ga ko indomin salansa, wato abin da ke tace hayaƙi, yana nan. Ka shinshina wajen injin ko akwai warin fetur, domin a 2011 an yi kiranyen IS250 na 2006 zuwa farkon 2009 a Amurka saboda sensar matsin mai da ke iya sassautawa ta yi yoyo. Da lambar shasi mai harafi da lamba 17 za ka iya dubawa a shafin Lexus ko an yi mata aikin.

In duk ta tsallake, ka nemi a bari bakanike ya zura 'yar kyamara ya ga bayan bawul. Gani ya kori ji.

Maman Ilham:

Salam. Ni ba bakanikiya ba ce, amma shekara biyar ke nan ina hawan 'yar 2011, don haka bari in faɗi abin da na gani.

A Zariya nake zaune, a Kaduna nake aiki, kusan kilomita 80 zuwa, kwana huɗu a mako. Tankinta lita 65 ne. Ina rubuta duk man da na sha a wani ɗan littafi da ke cikin motar. A kan hanya, in ban wuce 110 ba, lita ɗaya tana kai ni kilomita 12, wani lokaci da 'yan kai. Makon da na yi hutu ina yawo tsakanin Sabon Gari da Samaru da cikin birni kawai, da AC, abin ya sauko wajen 7. Malam, ka ɗauki wannan na biyun, shi ne naka.

Sau biyu ta taɓa ba ni wahala, kuma duk biyun hannun mutum ne. Na farko fulogi. Lokacin canji ya yi, wani bakanike ya ce zai samo min masu sauƙi, kwalinsu iri ɗaya da na asali. Ban yi wata biyu ba ta fara misin a daidai Jaji, da magariba, ni kaɗai da 'yata a baya. Da ƙyar muka lallaɓa gida. Da aka ciro su, bakin biyu ya cinye. Nata na asali iridiyom ne, Denso FK20HBR11, kuma mil 60,000 ake ba su, wajen kilomita 96,000. Ga shi uku daga cikin shidan suna ƙarƙashin manifol, sai an cire shi ake kai musu, kenan na biya kuɗin aiki sau biyu. Araha ba ta ado. Na biyu, yaron wankin mota ne ya buɗe bonet ba da izinina ba ya sa wa injin ruwa mai ƙarfi, koyil ɗaya ya tafi. Tun daga ranar ina tsaye ake wanke ta.

Lokacin da aka cire manifol ɗin na ce a nuna min bawul. Akwai baƙi, amma siriri, wanda ya yi aikin ya ce doguwar tafiyata da juyen da ba na wasa da shi ne suka taimaka. Duk da haka na sa aka wanke tunda an riga an buɗe.

Sai abin da ba na inji ba, amma ka ce yara uku gare ka. Kujerar baya matsattsiya ce, kuma akwai tudu a tsakiya inda sandar da ke kai ƙarfi tayoyin baya ta wuce, wanda ya zauna a tsakiya ba shi da wurin sa ƙafa. Ka tafi da su su zauna ka gani. Motar tana ƙasa sosai, duk wani tudun rage gudu sai na bi shi a karkace. Tawa tayoyin baya sun fi na gaba faɗi, ba a musanya su. Kuma ka shafa dashbod ɗin wadda za ka saya, na shekarun 2006 zuwa 2008 an san su da narkewa su yi danƙo a rana, balle ranar Kano.

Ni dai ina son motata, kuma in ta tsufa irinta zan nema. Amma hanyata daban da taka.

Ɗan Kabuga:

Assalamu alaikum. Na dawo da rahoto, tunda kun ba ni lokacinku.

Bakwai saura kwata muka isa, ni da rewaya da babban ɗana. Injin da sanyinsa, har da raɓa a kan gilashi, a nan dillalin ya cika alkawari. Na danna maɓalli sau biyu, wutar cek ta kama. Na tayar, ta yi 'yar ƙarar nan ta kamar daƙiƙa biyu ta yi shiru. Sai dai tun kafin in fito daga motar na ji fanka ta tashi da ƙarfinta, inji ko ɗumi bai yi ba. Rewaya ya bi waya ya nuna min inda aka yanke aka haɗa da baƙin salatif. Na buɗe robar ruwa, babu ruwan hoda, ruwan famfo ne da ya koma kalar shayi, na sa yatsa ya fito da tsatsa. A jikin ƙofar direba akwai 'yar takardar juye da aka manna, an rubuta 20W-50 da biro. Na juya murfin baƙin mai, cikinsa baƙin danƙo ne kamar kwalta, na lakato da makulli na nuna wa dillalin.

Kwamfuta ba ta nuna lambar matsala ko ɗaya ba, har dillalin ya fara murmushi. Rewaya ya shiga wani shafi ya ce tun da aka goge ƙwaƙwalwar motar ba a yi tafiyar kilomita 40 ba, kuma gwaje-gwajen da birenbos ke yi da kansa rabinsu ba su kammala ba. Dillalin ya ce batir aka canza. Zai iya yiwuwa, ban ƙaryata shi ba, amma kan batirin da ƙurarsa. Muka hau titin Zariya har Kwanar Dawaki muka juyo, allurar zafi ba ta kai tsakiya ba duk tsawon tafiyar, wanda rewaya ya ce alamar babu tamostat ce. Da na nemi a kai ta gareji a zura kyamara, ni zan biya, ya kira mai motar, mai motar ya ce ba a kwance masa komai. Na yi musu godiya muka tafi.

Ba zan ɓoye ba, na ji zafin barinta, don har yanzu laushin injin nan yana kunnena. Hajiya Maman Ilham, na sa yaron ya zauna a baya, shekararsa goma sha ɗaya, gwiwarsa tana gab da taɓa kujerata. Ƙannensa biyu ƙanana ne, za su shiga, na tsakiya ne zai sha wahala. Na kuma yi lissafi da kilomita 7 ɗinki maimakon abin da dillali ya faɗa, kuɗin man wata zai ƙaru da kusan rabin abin da nake kashewa yanzu. Zan iya, amma sai na rage wani abu.

Jiya da daddare na yi magana da maiɗakina. Ita ta tuna min cewa Hajiya mahaifiyata ta daɗe tana ƙorafin ba ma zuwa, kuma daga ƙofar gidanmu titin Gwarzo ya miƙe har Malumfashi. Mun tsayar cewa ko wace mota na saya, sau biyu a wata za mu riƙa zuwa.

Oga, wani abokina ya ce akwai 'yar 2012 a Kaduna, sabuwar shigowa, ba a yi mata lamba ba, mil 98,000. In mai ita ya yarda a kawo ta garejinka a buɗe manifol a gabana, zan shigo motar safe ranar Asabar mai zuwa. Ka sanar da ni ƙarfe nawa kake buɗewa, kuma ko in taho da gaskit ɗin manifol daga Ƙofar Ruwa ko akwai na asali a wurinku.